Kwana goma a gidan da Abdus Salam ya kafa

Da hantsi na shiga jirgin ƙasa daga Benis zuwa Trieste a ƙasar Italiya, tafiyar wajen awa biyu. Sai da muka kusa Trieste teku ya ɓullo ta tagar dama, shuɗi shar, na kasa ɗauke ido. Daga tasha na hau bas zuwa Miramare, inda Cibiyar ICTP, wato cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken fiziks, take a kan gangare cikin itatuwa, dab da tsohuwar fadar nan ta bakin ruwa. Fiziks na nazari ake yi a nan, wanda kayan aikinsa alli ne da allo da lissafi.

Abin da ya fara kama ni allunan ne. Har a barandar da ake shan kofi akwai su. Na tarar da wata ɗaliba 'yar Sudan da wani dattijo ɗan Ajantina suna musu a kan layi ɗaya na lissafi, hannuwansu fari fat da garin alli, kofi ya huce ba wanda ya kula.

Washegari na leƙa ɗakin da aka adana littattafai da lambobin yabon Abdus Salam, ɗan Pakistan da ya ci kyautar Nobel a 1979. Na daɗe a tsaye. Mutumin nan ya koma Lahore koyarwa a 1951, ya rasa abokin tattauna ilimi, dole ta sa ya koma Ingila. Wannan kaɗaicin ne ya haifi cibiyar a 1964, tare da taimakon Paolo Budinich, masanin fiziks na Trieste. Manufar ita ce masani daga ƙasa mai tasowa ya zo ya yi wata ɗaya ko biyu, ya wasa ƙwaƙwalwa, ya koma wurin ɗalibansa.

To amma wa ke biya? Tambayar ta riƙa cin raina tun da na ga kuɗin jirgina da na masauki ba daga aljihuna suka fito ba. A wurin cin abincin dare na tambayi wani farfesa da ya shekara da shekaru yana zuwa.

"Malam, wai gidan nan na waye?"

Ya ɗaga yatsu uku. Gwamnatin Italiya, da hukumar makamashin nukiliya IAEA da ke Biyena, da UNESCO da ke Faris. Yarjejeniya ce tsakaninsu, kuma tun 1996 UNESCO ke riƙe da gudanarwa. Wakilan ukun ke zama su duba kasafi da alƙibla, wata majalisar manyan masana kuma ta ba da shawara a kan bincike. Sai ya lanƙwashe yatsu biyu, ya bar ɗaya a tsaye: kaso mafi tsoka na kuɗin daga Italiya yake.

Na yaba wa Italiya ƙwarai, amma gabana ya faɗi. Dubban masana ke ratsa gidan kowace shekara, daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ga shi nauyin ya fi karkata a kafaɗa ɗaya. A ganina ƙasashen da 'ya'yansu ke shan wannan ruwa ya kamata su sa hannu a gyaran rijiyar. Wasu sun fara: Ruwanda ta karɓi cibiyar haɗin gwiwa a Kigali, Barazil na da tata a São Paulo.

Ranar da zan tafi iskar Bora, iska mai ƙarfi da aka san Trieste da ita, ta taso, har sai da na dafa ƙarfen bakin hanya. Na ratsa ta barandar nan da jakata. Lissafin 'yar Sudan yana nan a allo, wani ya ƙara layi biyu a ƙarƙashinsa da jan alli.