Kaduna, ina yaranmu za su je su sha iska?

Duk wanda ya tashi a Kaduna in ka ce masa ya faɗi wurin shaƙatawa, abu na farko da zai fito bakinsa Gamji ne. Ƙofar Gamji dai, wadda a takarda sunanta wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, amma wa ke kiranta haka? Ka tsayar da mai Keke Napep ka ce masa Gamji, shi ke nan ya gane. Bayan Gamji sai Dandalin Murtala, daga nan kuma sai mutum ya fara sosa ƙeya yana to, to. Garin da ya zama hedikwatar Arewa tun 1917 lokacin da Turawa suka baro Zungeru, yanzu ya cika ya batse har ya tsallake Rigasa da Mando da Sabon Tasha, amma wuraren da talaka zai zauna ƙarƙashin itace ba tare da an ce ya sayi wani abu ba, ba su taka kara sun karya ba.

Gamji wuri ne mai kyau wallahi, ga kogi a gefe, ga manyan itatuwan da sun girmi iyayenmu, ga gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga da aka gina a Zungeru a 1904 daga baya aka kwanceta aka kawo nan, yara na tsallaka ta suna ɗaukar hoto ba su ma san tarihinta ba. Ka je ranar Sallah ko washegari ka ga ikon Allah, 'yan mata da lalle har gwiwar hannu, samari cikin sabuwar shadda, mai balambalam na bin yara, masu hoto na jan hannun mutane, uwa ta shimfiɗa tabarma ta buɗe kula tana raba naman Sallah, ana layi a lilo har yara na kuka. To amma bayan Sallah da Kirsimeti fa? Sai wurin ya yi tsit. Matsalar wuraren nan namu kenan, ana gyarawa a yi fenti a yanke kintinkiri, bayan shekara biyu lilo ya karye ba mai waldawa, banɗaki ba ruwa, ledar fiya wata ko'ina. Mu ma da laifinmu fa, mutum ya gama shan lemo ya jefar da gora ga kwandon shara a gabansa.

Dandalin Murtala kam an gyara shi lokacin gwamnatin El-Rufa'i, kuma ana amfani da shi, da asuba za ka ga masu motsa jiki, dattawa da likita ya ce su rage tumbi saboda hawan jini da suga, matasa na ƙwallo. Abin da ya fi damuna dai duk waɗannan suna tsakiyar gari ne, kusa da unguwannin da dama can suna da inuwa. Ka bi layukan Unguwar Rimi GRA, mangwaro da darbejiya sun rufe titi, ko a watan Maris da Afrilu da zafi ke narka mutum sai ka ji iskar wurin daban. Ka shiga Rigasa ko Tudun Wada da tsakar rana kuma, kwano ne da siminti, ba itace ba fili, yara na buga ƙwallo a kan layi suna tsayawa duk lokacin da mota ta zo, ƙwallo ta faɗa kwata a ciro da kara. Magidanci mai yara shida a Rigasa in zai kai su Gamji sai ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin shiga, ga abin taɓawa, da wannan tsadar ai sai dai shekara shekara.

Kuma duk filin da aka bari a unguwa, yau ka ga yara na wasa, gobe ka ga an sauke bulo, jibi filaza ce ko gidan mai. Ba wanda ya tambayi mutanen layin.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Tun rikicin addini na shekarar 2000 garin nan ya rabu, Musulmi da Kirista kowa ya koma ɓangarensa na kogi, har akwai yaran da suka girma a Kawo ba su taɓa yin aboki a Barnawa ko Television ba. In ka cire kasuwa da wurin aiki, irin su Gamji da Murtala ne kaɗai za ka ga 'yar Sabon Tasha da 'yar Unguwar Sarki suna jiran lilo ɗaya, iyayensu na gaisawa ana ina gajiya, yaya yara.

Ni ba na neman wani ƙaton wuri irin na Dubai. Fuloti biyu ko uku a kowace unguwa, a kewaye, a dasa darbejiya da maɗaci, benci na siminti da ba mai iya ɗaukewa, fitila mai sola saboda kada ya zama mafakar 'yan shaye-shaye da daddare, sannan a damƙa wa mai unguwa da matasan layin su riƙa kula da shi, a kuma ba su takardar filin a hannu yadda ba wanda zai zo da tifa ya ce nasa ne.