Abin da Rayuwar Yakuba Sawadogo ta Koya Mini a Aikin Farfaɗo da Ƙasa

A ƙarshen watan nan zan ajiye aikina na malamin gona a shirinmu na farfaɗo da ƙasa a yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar, kuma da abokan aiki suka nemi in rubuta abin da na koya, sai na ga bayanin ba zai cika ba in ban ambaci marigayi Yakuba Sawadogo ba, manomin ƙauyen Gurga da ke kusa da Wahiguya a arewacin Burkina Faso, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar 3 ga Disamba, 2023. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu riƙe ruwa da taki, da muke koya wa manoma, waɗanda ake kira zai a can, shi ne ya raya su bayan an kusa mantawa da su.

A lokacin da fari ya kori jama'a daga ƙauyuka, wajen 1980, shi kuwa sai ya bar kasuwancinsa ya koma kan fako. Ya faɗaɗa ramin zai, ya ƙara masa zurfi, ya riƙa haƙa shi tun da rani yana zuba taki, domin gara ta zo ta huda ƙasar, ruwan damina ya sami hanyar shiga maimakon ya gangare. Ya jera duwatsu don rage gudun ruwa, ya shuka itatuwa tare da gero da dawa. Mutane suka ce ya taɓu, har aka cinna wa dajinsa wuta, amma duk da haka daga 1984 ya riƙa tara manoma sau biyu a shekara suna musayar iri da dabara. A 1989 manoma 13 daga Illela ta nan Nijar suka je Yatenga, lardin su Yakuba, suka gani da idonsu, daga nan tassa ta bazu a ƙasarmu.

Wannan tarihin ne na kai gaban shugaban da aka kawo mana, sa'ad da wani dattijo ɗan sa kai ya tara matasan ƙauyensu suka kwashe rani guda suna haƙa tassa da diga, suna jigilar taki a amalanke, ba tare da an ba su ko goro ba. Na nemi a sa aikinsu cikin rahoto, a kuma taimaka musu da kayan aiki. Shugaban ya ce takardarsa ba ta da gurbin ramuka, abin da masu ba da kuɗi suke so shi ne adadin dashen itatuwan da aka yi ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa ta ƙasa. Da na dage, sai aka ba ni takardar neman bahasi, aka mayar da ni tsaron sito. Kafin bazara ta zagayo awaki da ƙishirwa sun gama da yawancin dashen nan, gonar dattijon kuwa geronta ya fi tsayin mutum.

Ranar da baƙi suka zo duba aiki, gonar dattijon aka kai su. Shugabanmu ya tsaya a tsakiyar geron yana bayani ana ɗaukar hoto, mai gonar yana tsaye a gefe riƙe da hauyarsa, tafin hannunsa duk kanta, ba wanda ya ambaci sunansa balle a tambaye shi yadda aka yi. Abin da aka yi mini na daɗe da yafewa, amma wannan har gobe yana ci mini rai. Shi kansa Yakuba bai tsira ba, domin bayan ya raya daji mai kusan hekta 40 da itatuwa sama da iri 60, sai da rabon filayen gari ya ci wani ɓangarensa, kuma ba a kewaye dajin ba sai a 2021, bayan ya karɓi lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood a 2018 da ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020.

Sauran darussan gajeru ne: a ajiye kwafin kowace takarda, a gaida mai gari kafin a shiga gona, kada a yi wa manomi alkawarin abin da ba ya cikin sito. Wanda zai gaje ni zai tarar da littafina a aljihun tebur, da sunan kowane ɗan sa kai da ƙauyensa da girman fakon da ya raya. Ina roƙonsa ya fara zagayensa a watan Afrilu, lokacin da ake haƙa, ya kuma sa sunayen nan a shafin farko na rahotonsa.