Daren da babu sabis

Har yau idan sabis ya ɗauke a wayata sai gabana ya faɗi. Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu a Gusau ƙarfe biyun dare. Na danna 112 ya fi sau goma, shiru. Na manta shaf, lambar gaggawa ma sai da eriya take tafiya. Haka na zura silifas na ruga gidan mai Keke Napep ina dukan ƙofa. A asibiti ma yaro aka aika ya taso likita. Mijin kuwa sai da ya je Funtua ya samu sabis, sannan ya sanar da dangi an samu mace.