Kwana uku daga Marrakesh zuwa kufan Sijilmasa

A watan Nuwamba na shiga wata tafiyar buɗe ido ta kwana uku a ƙasar Maroko, mu goma sha huɗu a ƙaramar bas ɗaya, tare da direba da kuma ja-gora ɗan ƙabilar Amazig wanda aka haifa a bakin hamada. Mun bar Marrakesh bayan sallar asuba, muka hau duwatsun Atlas ta mashigar Tizi n'Tichka, wadda tsayinta ya kai mita 2,260, kuma tun kafin mu isa ƙololuwa kowa ya lalubo rigar sanyinsa.

Zangonmu na farko shi ne Ait Ben Haddu, tsohon garin jar ƙasa da aka gina a jikin tudu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Duk wanda ya taso a cikin birnin Kano ko Zariya zai ji kamar ya san waɗannan lunguna da katangu masu kauri. A nan na fara ganin aibin tafiyar rukuni, domin abin da aka ware mana na zagaya garin bai wuce awa ɗaya ba, alhali an zaunar da mu kusan haka a wani shagon dardumomi da babu wanda ya nemi a kai shi.

Kashegari muka taka da ƙafa cikin kwazazzabon Todra, inda duwatsu suka miƙe sama ta kowane gefe, ruwa mai sanyi yana gudana a tsakani. Da la'asar sakaliya muka isa Marzuga, aka durƙusar mana da raƙuma, wani saurayi ya ja akalar zuwa cikin jigayin Erg Shebbi, waɗanda wasunsu ke kai mita 150. Ba zan rage wa wannan dare komai ba. Rairayin ya rine ja da faɗuwar rana, an sha shayin na'a-na'a a bakin wuta, kuma ban taɓa ganin taurari sun sauko kusa da mutum haka ba.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya cikin jadawalin da aka ba mu. Da safiyar rana ta uku na roƙi ja-gora mu ratse a garin Risani, ya tambayi sauran abokan tafiya, suka amince da minti ashirin. Ya kai mu wani fili mai ragowar katangun ƙasa da suka zaizaye, ya ce wannan shi ne kufan Sijilmasa. An kafa birnin a wajajen shekarar 757, kuma ƙarnuka da dama nan ne ayarin fatake ke sauke zinariyar da aka ɗauko daga daulolin Gana da Mali. Daga nan Ibn Battuta, shahararren matafiyin nan ɗan Maroko, ya bi ayari a 1352, suka yi kwana ashirin da biyar kafin su kai Taghaza, garin da aka gina gidajensa da masallacinsa da tubalin gishiri. A hanyarsa ta dawowa ya biyo ta Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, ya kuma ambaci cewa ana kai tagullarta har Gobir.

Na tsaya ina kallon kudu, ina tunanin madugai da suka san hanya da taurari da launin ƙasa, ga shi kuma babu mai gadi a wurin, sai yara biyu da suka wuce a kan keke. Ja-goran ya lura ban motsa ba, ya matso ya nuna mini inda kogin Ziz ya bi, ya bayyana yadda ruwansa ke shayar da gonakin dabino na yankin Tafilalt har gobe. Direba ya danna ƙaho sau biyu kafin na juya, saboda akwai tafiyar yini guda a gabanmu zuwa Marrakesh. A cikin motar na karɓi lambar ja-goran, muka yi alkawari idan Allah ya mayar da ni zai kai ni Risani ranar kasuwa, in kwana biyu a garin.