Kwana biyar a bakin teku wurin tsohon malaminmu

A watan Janairu na tashi daga Kano zuwa Gambiya don in gano mutumin da ya koya mana labarin ƙasa a sakandare. Bature ne ɗan Ingila, ya daɗe yana koyarwa a Arewa har ya ji Hausa kamar jakin Kano. Bayan ya yi ritaya matarsa ta rasu, sai ya sayar da gidansa na can, ya tare a wani ɗan gida kusa da Tanji, garin masunta da ke bakin Tekun Atilantika.

Na bi ta Legas, na sauka a filin jirgin Yundum da yammacin Alhamis, na mayar da agogona baya da awa ɗaya. Yana tsaye a ƙofar fita da hular kaba da sanda, ya rame, kai ya yi fari fat. Kafin in buɗe baki ya ce, "Maraba da mutanen Kano, ina gajiya?" Na rusuna na ce, "Malam, mun same ku lafiya?" Shekara talatin da wani abu rabon da in ji muryar nan.

Gidan ɗaki biyu ne da baranda, ga lambu a baya mai zogale da gwanda da yakuwa. Daren farko barci ya ƙi zuwa, don kunnen da ya saba da shirun Kano bayan sha biyun dare bai san rurin teku ba. Da na idar da sallar asuba na tarar har ya ɗaura takalmi. Kullum haka yake yi: ya taka bakin ruwa na kusan awa ɗaya da madubin hangen nesa rataye a wuya, ya biya ta shagon wani Bafulatani ya sayi tapalapa, wani dogon burodi mai tauri da ake gasawa a tandar itace. Tafiyar komowa ta fi ta zuwa daɗewa, saboda gaisuwa. Mai ɗinkin koma, mai wankin kifi, yara masu kiran "tubab" (wato Bature), kowa sai ya tsaya masa da Mandinkanci. Ya ce min a Ingila ya taɓa yin kwana huɗu bai yi magana da kowa ba sai mai karɓar kuɗi a kanti, kuma abin da ya koro shi ke nan, ba sanyi ba.

A bakin wata fadamar ruwa ya riƙe hannuna ya nuna min wani irin shaho mai farin ƙirji yana shawagi, can sai ya faɗa ruwa ya taso da kifi a farce. Ya ce irin waɗannan suna ƙyanƙyasa a Sikotilan da sauran ƙasashen Turai, idan hunturu ya shigo su sauko Senigal da Gambiya, da bazara su koma. "Ƴan garinmu ne," in ji shi. Yana da littafi da yake rubuta kowane tsuntsu da ranar da ya gan shi, a ƙasar da ke da tsuntsaye sama da iri 500.

Ranar Juma'a ya haɗa ni da maƙwabcinsa muka tafi masallaci, muka dawo matar maƙwabcin ta aiko da domoda, wato shinkafa da miyar gyaɗa mai kauri, da wonjo, wanda zoɓo ne sak.

Asabar ce babbar ranarsa. Da la'asar muka gangara inda kwale-kwale ke dawowa, dogaye masu fenti ja da shuɗi da rawaya. Ba sa isowa gaɓa sosai, mata da samari ne ke kutsawa cikin ruwa har ƙirji da robobi a ka, su fito da kifi a guje, tsuntsayen teku na kuka a samansu. Bayan wurin akwai rumfunan banda, hayaƙi ya mayar da katakonsu baƙi ƙirin, an jera wani kifi da ake kira bonga dubbai a kan waya. Idona ya yi ta hawaye. Malam ya yi ciniki da wata dattijuwa da ya ce shekara da shekaru a wurinta yake saye, ya ƙirga mata dalasi, kuɗin ƙasar. Ita ce ta yi mana ƙorafin tsadar bonga. Masana'antun garin kifi da aka kafa a Gunjur da Sanyang da Kartong suna kwashe ƙananan kifaye su niƙa, a fitar waje don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Abin ya tsaya min a rai: cimar talaka ce ake ɗauke masa daga bakin ƙofarsa.

Da dare a baranda, wani saurayin unguwa yana dafa ataya, wato shayi, zagaye uku, na tambayi Malam yadda yake riƙe kansa. Bai ɓoye min komai ba. Fanshon gwamnatin Birtaniya ba a ƙara wa wanda ke zaune a Gambiya, yadda ya fara karɓa haka yake har yau, kuma kaya na ta tashi. Gishirin iskar teku na cinye kwanon rufi da ƙarfen taga. Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, sauro da laima sukan matsa masa. Sau ɗaya a shekara yakan je Ingila likita ya duba zuciyarsa, ya ga jikokinsa, ya dawo.

Lahadi bayan ya dawo coci muka shiga gele-gele, wato motar haya, zuwa Sanyang. A can yake haɗuwa da wasu tsofaffin Turawa su ci gasasshen kifi a ƙarƙashin rumfa. Mutanen kirki ne a fuska, amma akwai wanda ya shekara takwas a ƙasar bai iya ko "sannu" da harshen mutanen ba, kuma hirarsa duk ta farashin fili ce. Wannan bai kwanta min ba. Malam bai daɗe cikinsu ba, da aka fara buga ganga ya ja ni filin kokawa, ya zauna cikin dattawan gari yana ihu idan an yi kaye, kamar muna kallon ƴan kokawar Sakkwato.

Muna komawa rana na faɗawa cikin ruwa, ja wur, na tambaye shi ko zai koma gida wata rana. Ya ce ya riga ya gaya wa ƴaƴansa inda za a binne shi, kuma maƙwabcin nan ya san wurin. Sannan ya ce in na sake zuwa in taho masa da kilishi da daddawar Kano, ta nan ba ta kai tamu ƙamshi ba.

Litinin da hantsi ya rako ni bakin titi, ya tsayar min da tasi, ya miƙo min ƙullin bonga banda a tsohuwar jarida ya ce in kai wa maiɗakina.