Mangwaron tsakar gidanmu da tsiron da ya kusa cinye shi

Bana shekara biyar kenan da na dasa mangwaro a tsakar gida, kuma wallahi duk ranar da na dawo daga aiki cikin zafin watan Afrilu na tarar da yara a ƙarƙashinsa sai in ji wani sanyi a raina. Irin da ake kira Juli ne, mai aure, wato wanda aka haɗa reshensa da gindin wani mangwaro. Na zaɓe shi ne saboda ba ya yin tsawo sosai kamar su Binta Suga, gidan namu kuma ba wani fili ne da shi ba. Dalili na biyu shi ne lokaci, in ƙwallo ka shuka sai ka jira shekara shida ko bakwai ko ma fiye, kuma ba lallai ya haifi irin wanda ka sha ba, wani lokacin sai ya zo da zare da tsami, shi kuwa mai aure shekara uku zuwa huɗu ya fara.

Farkon damina na dasa shi, cikin watan Yuni. Rami kamar ƙafa biyu zurfi da faɗi, na cakuɗa ƙasar da takin shanu wanda ya daɗe ya ruɓe, don ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi kuma yana jawo gara. Na matsa da shi nesa da katanga da masai. Sai keji na waya saboda awaki, tunda akuya ɗaya in ta samu dashe minti biyar ya ishe ta.

To abin da na fi so in faɗa shi ne maganar wajen auren. In ka duba dashen da kyau, ƙasa-ƙasa a jikin karan akwai wata 'yar gaɓa, wani lokacin ma da ledar da aka ɗaure ta, nan ne aka haɗa reshen Juli da gindin mangwaro na gida. Duk abin da ke sama da gaɓar shi ne abin da ka saya, na ƙasa kuma aikinsa kawai ɗauko ruwa da abinci. Ni ban san haka ba a lokacin. A shekara ta biyu sai wani tsiro ya fito daga can ƙasa, mai ƙarfi, ganyensa jajaye masu sheƙi, cikin 'yan watanni ya kamo na saman har ya wuce shi, ni kuma ina ta murna wai bishiya ta kankama, na asalin kuwa ya tsaya cak ganyensa ya fara dusashewa.

Wani dattijo mai lambu da ya zo duba mana gwaiba shi ya gani. Ya tsuguna ya shafa karan da yatsa ya ce, "Ɗana, wannan da kake kiwo ai ba shi ka saya ba, in ka bar shi wata damina ɗaya zai kashe maka mai auren." Na ce Baba to yanzu ya za a yi, ya ce kawo wuƙa mai kaifi. Ya yanke shi daf da kara, ni kam har zuciyata na ji yankan nan don rabin ganyen bishiyar ne ya faɗi ƙasa. Amma kafin damina ta fita Julin ya yi sabon toho har sau biyu. Tun daga ranar duk sati sai na duba gindin, da na ga ɗan tsiro sai in murje shi da farce tun yana ƙarami.

Dattijon ne kuma ya hana ni barin furen farko, ya ce a tsinke shi bishiyar ta yi ƙwari tukuna. Da zancen ban ruwa, ƙaramin dashe yana son ruwa a rani, bokiti ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku, amma in ya girma sai a janye masa ruwa bayan damina, wannan bushewar da sanyin hunturu su ke sa shi fure wajen Disamba zuwa Janairu. Sai 'ya'ya sun ƙulla sun kai kamar ƙwallon goruba ƙanana sannan a koma ba shi. Maman yara ta saba zuba ruwan wanke-wanke a gindinsa kullum, sai da muka yi magana ta canza wuri.

Matsalar da nake fama da ita yanzu ƙuda ce, wadda ke huda ɗan mangwaro ta yi ƙwai, ka yanka ka ga tsutsa a ciki alhali bayansa lafiya lau. Bara mun yi asarar da yawa. Bana duk wanda ya faɗo ƙasa ba ya kwana, yara su tsince a ƙulle a leda a ajiye a rana, waɗanda suka ƙosa kuma ina cire su kafin su nuna a kai, in jera su a kwali su ƙarasa a ɗaki. Jiya na ƙirga saura goma sha ɗaya a reshen da ke kallon ƙofar kicin, na Hajiyarmu ne, ranar Juma'a zan kai mata.