Pane, ba fane ba

Talata. Hazo ya rufe Brescia, garin da muke zaune a Italiya, tun asuba, ko ginin da ke tsallaken titi ban iya hangowa. Baban Ummi ya fita ƙarfe biyar da rabi, ya bar min Yuro goma a kan firji da saƙon kada in manta da burodi.

Ajin koyon Italiyanci ya yi daɗi yau, wallahi. Malama Paola ta zo mana da kalmomi masu baƙi biyu a jere: sete (ƙishirwa) da sette (bakwai), capello da cappello, nono da nonno. Lin da mutumin nan na Peru suka yi ta fama, ni kuwa a karon farko na cafke. To me zai ba ni wuya? Wadda ta tashi tana bambanta baba da babba ai ba za a tsorata ta da ƙishirwa da bakwai ba. Da aka zo kan nono sai dariya ta ƙwace min ni kaɗai. A wurinsu "na tara" yake nufi, nonno kuma kaka namiji. Malama ta ce mene ne abin dariya, na rasa Italiyancin da zan yi mata bayani, sai na ce "niente" kawai, wato ba komai.

Haka ma batun namiji da mace. Kalmar da ta ƙare da a galibi mace ce, la casa, la porta, kamar ƙofa da riga a wurinmu. Ta ja mana kunne cewa il problema namiji ne duk da ya ƙare da a. A raina na ce mu ma muna da gida da ruwa, ba yau muka fara ganin irinsu ba. Na fito daga CPIA, makarantarmu ta manya, ina jin kaina kamar wata farfesa.

Ƙarfe huɗu na ɗauko Ummi daga makaranta, muka sauka a San Faustino. Tun a cikin jirgin ƙasa nake maimaita jimlata a zuci: "Vorrei mezzo chilo di pane, per favore." Rabin kilo na burodi, shi ke nan. Sau nawa na biya ta, Allah kaɗai ya sani. Muka shiga shagon, mutum uku a bayana, na buɗe baki, sai ga fane ya fito. Har da fer favore. Matar ta ɗan karkato da kunne ta ce "Come?" Na sake faɗa, ya sake fitowa yadda ya ga dama. Sai Ummi ta ja min gefen mayafi, da muryarta da kowa ya ji, ta ce, "Mamma, si dice pane," wato pane ake cewa. Har tana matse leɓɓanta tana nuna min.

Matar ta washe baki ta ce mata "Brava!" Daga nan ban sake zama mai sayen burodi ba. Ummi aka tambaya wane iri, Ummi aka tambaya ko a yanka, Ummi aka gaya wa kuɗin. Canjin ne kawai aka zuba a tafin hannuna, shi ma idonta na kan yarinyar. Ba ta yi min rashin kunya ba fa, kada wani ya ce na yi mata sharri. Kirki ma ta yi. Amma ni da na yi shekara shida ina riƙe da alli a gaban yara sittin a Katsina, ni ce yau 'yar shekara bakwai ke yi wa gyaran baki a bainar jama'a. Har muka iso gida ban ce mata uffan ba, ita kuwa tana ta tsalle-tsallenta da ledar burodi.

Kuma "Mamma" ta ce min. Ba Umma ba. Sai da muka hau bene na lura.

Baban Ummi ya ce in kwantar da hankalina, matakin A2 kawai ake nema a jarrabawar Italiyanci don takardar zama ta dogon lokaci, B1 sai mai neman zama ɗan ƙasa tun dokar 2018. Shi da ya koyi nasa a masana'anta, rabinsa yaren Brescia, ko cokali ya faɗi sai ya ce "pota". Ban ce masa ba jarrabawa ce ta dame ni ba.

Miyar kuka da dare. Daddawa ta kusa ƙarewa. Hajiya ta kira, layi ya yi ta yankewa.

Muna cikin cin abinci Ummi ta ture kofi da gwiwar hannu, ta ɗago a tsorace ta ce, "Umma, ruwa ta zube." Ta zube. Acqua, wato ruwa, mace ce a wurinsu, shi ne ta kwaso ta ɗora wa ruwanmu. Na buɗe baki zan ce mata ya zube ake cewa, sai na tuna yadda kunnuwana suka yi zafi a shagon nan. Na miƙa mata tsumma kawai.

Yanzu sun yi barci. Ina tsaye gaban madubin banɗaki ina yin yadda Malama ta nuna: p a haɗe leɓɓa biyu, f a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Pila, fila. Ponte, fonte. Pane. A nan dai yana fita daidai.